Uwar Zuma da Igiyar Kamu Sittin

Da sunan Mai tsaga ƙwallo a cikin ƙasa, Mai fitar da ɗanye daga busasshe, Mai ciyar da wanda ya sani da wanda bai san komai ba. Ku matso ku gyara zama, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Ni ce Gwamma 'yar Anaruwa, mai saƙar tabarma ta Tudun Kaba, wadda ta ratsa Filin Gamba, ta ƙetare Tafkin Masu Susa, ta shiga Birnin Kamu Sittin da hannu biyu ta fito da hannu biyu. Na ga wawaye iri-iri a tafiyar nan, na tudu da na ruwa, amma ba wanda ya ci mini rai kamar wawa mai littafi.

Garinmu dabino ne cinsa, dabino ne sana'arsa. 'Ya'yan mu ci, ganyen mu saƙa. Shekarar da tudun rairayi ya gangaro ya binne lambun kwari, duk matan dabinonmu suka tafi cikin kwana uku. Aka bar mu da maza uku a kan tudu, ƙatti, suna fure duk shekara suna watsa garin furen a iska, ba macen da za ta karɓa. Wanda bai san dabino ba zai ce, a shuka ƙwallo mana. To, ƙwallo caca ne: rabi maza za su fito, sauran kuma ba sa ɗauko uwa, sai ka yi shekara takwas kana ban ruwa ka tsinki abin da akuya za ta tofar. Abin da ake nema shi ne 'yar gindi, tsiron da ke fitowa a jikin uwa daga ƙasa. Ita ce ke ɗauko uwarta sak.

Kowa ya san labarin Uwar Zuma, macen dabinon da ke tsakiyar Birnin Kamu Sittin, wadda aka ce ita kaɗai tana ciyar da gida arba'in. Mazan garinmu suka zauna a gindin tsamiya suna shawarar wanda zai je ya roƙo 'yarta. Damina biyu suna shawara. Gida goma sha ɗaya suka kwashe kayansu suka bar gari, su suna nan suna "a dai ƙara dubawa". Ran da na ga ƙanwata ta fara ɗaure tukwanenta ita ma, na soka wuƙar saƙa a ɗamara, na ɗauki tabarma ɗaya, na wuce ta gaban masu shawarar nan ko kallo ba su ishe ni ba.

Ban yi karatun littafi ba, abin da na sani a yatsu yake. Tun ina ƙarama uwata ta ce mini, kama ganye ki tsaga. In ya tsage a miƙe daga kai har gindi, kamar na gero da rake da kaba, jijiyoyinsa a jere suke, namu ne, ana saƙa da shi. In ya yage a karkace kamar na kuka da wake, jijiyoyinsa raga ne, ba namu ba ne. Da wannan ɗan sanin na fita, kaina a kumbure.

Bayan kwana ashirin na isa Filin Gamba. Ciyawa ce tsawon mutum biyu, daga inda rana ke fitowa har inda take faɗuwa. A tsakiyarta akwai mutanen da ake kira Masu Lauje. Tun kakan kakansu suka rantse sai sun kashe ciyawar nan sun yi gona. Kullum da safe su fito a jere su yanke ta daidai gwiwa, kafin su kai ƙarshen fili ta baya ta tashi ta wuce kansu, su juyo su sake. Har sarauta gare su, Sarkin Lauje, wani siririn mutum mai laujen azurfa rataye a kafaɗa.

Da na yi shiru da na wuce lafiya, amma ni bakina ba shi da murfi. Na tumɓuko gindi ɗaya na kai gabansa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, dubi nan. Ciyawa daga gindi take girma, ba daga kai ba. Shekara ɗari kuna yi mata aski, ita kuwa daɗi take ji. Ku ajiye lauje ku ɗauki fartanya. Saiwarta ba guda ɗaya ce mai nitsewa ba, tuntu ce kamar gemun bunsuru."

Ya dube ni, ya dubi laujensa. Ya ce, "To in ciyawar ta mutu, ni Sarkin me zan zama?"

Kun ji fa! Aka ɗaure ni a turke da igiyar ɗanyar gamba, wai sai sun dawo daga yanka su yi mini hukunci. Mai saƙa za ka ɗaure da ɗanyar ciyawa? Na cika ƙirji da iska lokacin da suke ɗaurin, sannan na tsaya rana ta yi mini aiki. Kafin azahar igiyar ta bushe ta saki, na zame na yi gaba ina jiyo waƙar yankansu a bayana.

Daga nan sai Tafkin Masu Susa, ruwan da ba a hango gaɓarsa. Mutanensa su kaɗai ke da kwalekwale. Abincinsu gwaza, kuma ɗanye suke cinsa. Wanda ya taɓa lasar ɗanyen gwaza ya san abin da nake nufi, kamar an zuba maka allurai a maƙogwaro. Duk garin leɓe a kumbure, kowa da tsinken susa rataye a wuya, kuma wanda leɓensa ya fi kumburi shi ne babba. Dokarsu, baƙo ba ya ƙetarewa sai ya cinye akushi guda a gaban jama'a. Na ga kaburbura a jere a bakin ruwa, ban tambayi ko na su wane ne ba.

A nan girman kaina ya fara raguwa. Na tsinki ganyen gwaza na tsaga, ya yage a karkace, jijiyoyi raga. Na ce wannan ba namu ba ne. Sai na tumɓuke shi, ga saiwa tuntu irin ta gero. Na duba inda irinsa ya faɗi ya tsiro, ganyen fari guda ɗaya tak, shi ma irin na gero. Ashe namu ne, rigar wasu ya ara. Tun ranar na daina yi wa tsiro hukunci da shaida ɗaya.

Da aka kawo akushin na ce, "A garinmu rashin kunya ne baƙo ya ci abincin manya bai yi masa wanka da ruwan zafi ba." Suka ji daɗi, suka ba ni tukunya. Na yi masa wankan har ya yi laushi, na zubar da ruwan na sake wani. Na zauna na cinye tas, na lashe yatsu, ban sosa ko sau ɗaya ba. Babbansu ya ce wannan ba mutum ba ce, a fitar da ita yanzu. Mutum takwas suka tuƙa ni, ba wanda ya yarda muka haɗa ido. Tukunyar kuwa na ga sun jefa ta a ruwa.

Wata biyar da barin gida na hango Uwar Zuma, tun saura yini guda in isa birni. Tana tsaye ita kaɗai a sama da ganuwa, sama da komai. Wallahi sai da na zauna a ƙasa na yi hawaye.

A ƙofar birni mai gadi ya tare ni ya karanta mini doka daga wani allo. "Itace ko ɗan itace ba ya fita ƙofar nan. Wanda aka kama, hannunsa na dama."

Na dubi hannuna na dama, wanda nake ci da shi, nake saƙa da shi. Na ce, "Ciyawa fa?"

Ya ce, "Ciyawa kwashi ki tafi, mun gode."

Birnin nan ba sarki ke riƙe da shi ba, majalisar ma'auna ce, masu yawo da igiyar awo a kafaɗa. Suna da wani ƙaton littafi mai babi biyu kacal, babin itace da babin ciyawa. Abin da ya wuce kan mutum itace ne, wanda bai kai ba ciyawa, kuma inda aka rubuta uwa nan 'ya'yanta suke har abada. Saboda haka a birnin nan ayaba itace ce, rake itace ne, dawa itace ce. Gero kuwa shekara tara ana rigima a kansa, don ba a daidaita a kan mutumin da za a gwada da shi ba. An taɓa miƙar da yaɗon kabewa a jikin bango aka auna, ta yi shekara biyu tana itace. Kuma in ka gan su suna tafiya, sai ka rantse da Allah su suka halicci damina.

A gindin Uwar Zuma na sami wani tsoho yana gyara igiyar hawa. Baba Tunau ke nan, mahayinta, shekara hamsin shi ke hawa ya sa mata furen namiji, shi ke saukar da 'ya'yanta. Tafin ƙafarsa ya fi ƙirgi tauri. Na gaishe shi na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya tashi ya zagaya da ni bayanta ya ɗaga wata tsohuwar tabarma. Ga 'yar gindi, ganye kore shar, ta kai mini ƙugu.

Ya ce, "Shekara talatin ba ta haihu a gindi ba, 'yata. Sai shekara huɗu da suka wuce ta yi wannan. Ita ce auta, ba na jin za ta ƙara. Ni da kaina da na ba ki, amma kin ji abin da aka karanta miki a ƙofa." Ya mayar da tabarmar. "Kuma kin zo a mummunan lokaci. Saura kwana takwas su sare mata kai."

Na ce, "Su sare mata me?"

"Kai. Igiyar awon majalisa kamu sittin ce, ita kuwa bana ta kai sittin da ɗaya. Littafi bai san abin da ya wuce sittin ba. Kuma a babin itace an rubuta cewa itace in ya tsufa a sare kansa, zai yi rassa ya ninka 'ya'ya."

"Haba Baba! Ai dabino zuciya ɗaya gare shi, a ƙoƙon kai take. In aka sare shi ke nan. Ba ka gaya musu ba?"

Ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo. "Mahayi ba ya magana a majalisa. Ni hawa aka ce in yi. In uwar ta mutu kuma za su tone gindin su ƙone, da 'yar da komai."

Sai ya gaya mini al'adarsu. Littafin ana buɗe shi sau ɗaya a shekara, ranar jajibirin awo, kuma layi ɗaya tak ake gyarawa. Baƙo na da damar magana, don ba wanda ya taɓa zaton baƙo zai san wani abu. Ranar ta faɗo kwana ɗaya kafin saran. Na ce to, madalla. Na nemi kasko biyu, na shuka wake a ɗaya, gero a ɗaya, ina ban ruwa ina wasa harshe.

Ran majalisa aka cika zaure maƙil. Mutum huɗu suka shigo da littafin a kan makara. A bayansa Sarkin Awo Korau, shugaban ma'auna, mutum mai tumbi, ya naɗa igiyar kamu sittin a jikinsa har ya koma kamar dami. Ya zauna ya ce, "Akwai mai magana?"

Na miƙe. Aka fara dariya tun kafin in buɗe baki, wannan ya sa zuciyata ta hau. Maimakon in shiga zance kai tsaye, sai na ce bari in nuna musu ko ni wace ce. Na ba su labarin Filin Gamba daga farko har ƙarshe, yadda wawayen can ke yi wa ciyawa aski shekara ɗari tana ƙara tashi. Zaure ya kwashe da dariya, Korau har da riƙe ciki. Na ji daɗi, Allah Ya yafe mini.

Sannan na ce, "Ranka ya daɗe, dabino ba itace ba ne. Ɗan'uwan gero ne."

Suka yi mini caa. Korau ya ɗaga hannu aka yi shiru. "Baiwar Allah, kin ga tsawonta kuwa?"

"Na gani. Raƙumi ma ya fi ka tsawo, bai sa ya zama Sarkin Awo ba."

Na ajiye kasaken biyu a gabansa. "Ga wake, ya fito da ganye biyu, kamar an buɗe tafi. Haka kuka take fitowa, haka tsamiya, haka duk itacen gaske. Ga gero, ganye ɗaya tak kamar tsinin mashi. Ga ƙwallon dabino da ya faɗi ya tsiro a gindin Uwar Zuma. Wa ya kama?"

Wani daga baya ya ce, "Gero."

Na miƙa wa Korau ganyen mangwaro na ce ya tsaga, ya yage a karkace. Na ba shi na gero, ya tafi a miƙe. Na ba shi na dabino, ya tafi a miƙe har gindi, ya bi zaren da kallo kamar an yi masa siddabaru. Ban tsaya a nan ba, don gwaza ya koya mini hankali. Na zazzage kasaken na nuna saiwa, ta wake guda ɗaya doguwa mai 'yan rassa, ta gero da ta dabino tuntu. Na sa aka mirgino guntun tsamiya da guntun mataccen dabino. Na tsamiya zobe a cikin zobe, da ɓawo mai ɓantarewa. Na dabino ba zobe ko ɗaya, zare ne barkatai kamar an cusa tsintsiya a cikin tuwo, irin abin da za ka gani in ka karya karan dawa. Na ce, "Shi ya sa itace ke ƙara kauri duk shekara, dabino kuwa da kaurin da ya tashi da shi yake tsufa." Na ƙarasa da fure. Baba Tunau ya ba ni busasshen furen bara, na sa Korau ya ƙirga kunnuwansa, uku. Na ba shi furen albasa, shida, uku sau biyu. Na kuɓewa, biyar.

Na ce, "Shaida biyar ke nan, ranka ya daɗe. Gero da rake da albasa da ayaba da citta da aya da dabino, duk zuriya ɗaya ce, masu ganyen fari ɗaya. Ba ruwansu da tsawo."

Baba Tunau yana tsugune a bakin ƙofa, na ga leɓensa na motsi. Korau ya daɗe yana juya zaren ganyen a hannu. Sannan ya ce a kawo alƙalami. Da hannunsa ya soke dabino daga babin itace. Na ji kamar in yi guɗa.

Ya buɗe ɗaya babin ya rubuta: Dabino ciyawa ne. Ya busa tawada, ya rufe littafin, aka ɗaure shi da igiya.

Sannan ya ɗago ya yi mini murmushi. "Mun gode, baiwar Allah. Da muna ɗan shakka, don itace wani lokaci in an sare shi yakan ƙi. Amma ke da bakinki kin shaida mana cewa ciyawa in aka yi mata aski daɗi take ji, ta ƙara tashi. Gobe da hantsi za a sare."

Na yi tsalle na ce, "A'a! Ranka ya daɗe, zuriya ɗaya na ce, ban ce gida ɗaya ba! A cikin zuriyar akwai gidaje. Gidan ciyawa masu gaɓa-gaɓa ne, su ke tofowa daga gindi. Gidan albasa rayuwarsu a ƙulli take a ƙasa. Gidan aya kararsu kusurwa uku. Gidan dabino da giginya zuciya ɗaya gare su, a sama, in an sare..."

Ya ce, "Layi ɗaya, baiwar Allah. An gyara. Ki dawo baɗi da sauran."

Na zage shi, ba zan ɓoye muku ba. Na ce masa damin igiya, na ce masa wanda aka auna tumbinsa aka manta kansa. Ko a jikinsa. Mutum huɗu suka ɗauki makara suka fita da littafin, jama'a na bin su suna yaba adalcin majalisa.

Na je gindin Uwar Zuma na kasa ɗaga ido in dubi tsohon. Na ce, "Baba, bakina ya kashe ta."

Ya ce, "Tashi, 'yata, ba lokacin kuka ba ne. Me aka rubuta a littafi?"

"Dabino ciyawa ne."

"Me mai gadi ya ce miki game da ciyawa?"

Na ɗago na dube shi baki sake.

Washegari da safe, jama'a na taruwa suna ta kallon sama, mu muna ƙasa. Baba Tunau ya tone gefen 'yar a hankali, ya kafa kurfi, ƙarfen tono, a inda ta haɗu da uwa, bugu uku ya raba su. Ta fito da saiwarta. Muka daddatse ganyen, muka lulluɓe gindin da jiƙaƙƙiyar ƙasa, na naɗe ta a tabarmar da na taho da ita daga gida.

Na ce, "Baba, taho mu tafi tare. Ka bar su su nemi mai sara."

Ya girgiza kai. "In ban hau ba daga gindi za su kayar da ita, su yi ta sassara kamar masu neman itacen girki. Shekara hamsin ina hawanta. Ba zan bar baƙon hannu ya yanka ta ba." Ya ɗaura igiyarsa. "Tafi yanzu, kada ki waiwaya."

Na goya 'yar a baya kamar jaririya na nufi ƙofa. Mai gadi ya tare ni da mashi. "Me ke cikin tabarma?"

Na kwance na nuna masa. Idonsa ya yi waje. "Wannan ai 'yar Uwar Zuma ce! Miƙo hannunki!"

Na ce, "Aika a tambayo majalisa a wane babi uwarta take."

Ya aika. Na tsaya a rana, na ɓoye hannuna na dama a cikin zane. Ɗan aiken ya dawo tare da wani ma'auni, ma'aunin ya dubi 'yar sama da ƙasa. Na ga ya gane sarai abin da ke fita daga birninsu. Amma littafi ya rufu, sai baɗi. Ya ce, "Ciyawa ce."

Mai gadi ya janye mashi. "Kwashi ki tafi, mun gode."

An ce kada in waiwaya, amma na waiwaya. Ina kan tudun farko na hango ɗan ɗigo baƙi a ƙoƙon kanta. Ganyen suka riƙa faɗowa ɗaya bayan ɗaya. Sannan kan gaba ɗaya ya karkata ya tafi. Na jiyo guɗar birni daga inda nake. Tir da wannan guɗa.

Ban bi ta tafki ba, ban bi ta fili ba, na zagaya ta hanyar fatake. Ruwan da na samu rabi nata rabi nawa, wani lokaci duka nata. Na iso Tudun Kaba na tarar da mazan nan a gindin tsamiya, an kusa cimma matsaya. Ƙanwata ta kwance tukwanenta. Muka dasa 'yar a ƙasan tudu, inda iska ke gangarowa daga wurin mazan dabinon nan uku. Shekara ɗaya tana tsaye kamar ba ta da rai, kullum sai na je na leƙa tsakiyarta. A shekara ta biyu ta fitar da sabon ganye. A ta biyar ta yi fure, na yanko na namiji na sa mata da hannuna yadda tsohon ya kwatanta mini. Yau 'yan gindinta tara ne a lambun, kuma gida shida daga cikin waɗanda suka tafi sun dawo.

Nonon dabino na farko da ya nuna ban bari kowa ya taɓa ba. Na cika jaka na sake kama hanya. A ƙofar birni wani sabon mai gadi ya tambayi abin da na ɗauko, na ce 'ya'yan ciyawa.

Kututturen na nan tsaye, baƙi ƙirin, gara ta cinye gefe guda. Ana yi masa ban ruwa safe da yamma bisa umarnin majalisa, kuma akwai ma'aunin da aikinsa ke nan, kullum ya auna ya rubuta cewa ana sa ran tofowa. An buɗe littafin sau shida tun tafiyata. Layin bara, an ce, a kan gero aka yi shi. Korau kuwa an ƙara masa igiya.

Baba Tunau na zaune a gindin, idanunsa sun yi fari. Na durƙusa na gaishe shi, bai gane muryata ba. Ban faɗi sunana ba. Na kama hannunsa na sa masa dabino ɗaya a tafi. Ya shafa shi da yatsa, ya kai hanci, ya gutsira. Ya daina tauna. Ya daɗe a haka, hawaye na bin gemunsa.

Ya ce, "Ita ce." Sai can ya ce, "'Yata, wa ke hawanta?"

Na ce, "Ba ta kai a hau ba tukuna, Baba. A tsaye nake tsinka."

Ya yi dariya har ya ƙware. Ya laluba bayansa ya jawo igiyar hawansa, ta sha maiƙo ta yi baƙi, ya ɗora mini a cinya.

Ma'aunin nan ya matso yana leƙen jakata, yawu na neman zubo masa. Ya ce, "Baiwar Allah, wannan daga wane itace?"

Na ɗaure bakin jakar na tura ta gaban tsohon. Na ce, "Jeka ka duba littafi."

Iyakar abin da na gani ke nan, da ido biyu, na kuma dawo da hannu biyu. Igiyar tana rataye a ɗakina, tana jiran ranar da 'yar za ta fi ƙarfin tsayuwata.